Kuɗin rajistar ƙungiya ba asara ba ne ga mai sana'ar kayan kashe gobara

Daren jiya a majalisarmu gardama ta kaure tsakanina da wani abokina da ke ɗura tukwanen kashe gobara, yana kuma sayar da sababbi. Cewa ya yi shi bai ga amfanin shiga wata ƙungiyar 'yan sana'a ba, ka biya kuɗin rajista, ka biya na shekara, abin da za ka samu kawai takarda ce ta ratayawa a bango da lemon kwalba ranar taro. Na ce masa Alhaji, in dai irin ƙungiyoyin da muka saba gani kake nufi, ban musa maka ba. Amma sana'arka ba irin ta kowa ba ce, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da ban samu damar ƙarasawa ba jiya saboda hayaniya.

Mai sayen shinkafa yana ɗibar kaɗan ya duba. Mai sayen atamfa yana murza ta a hannu. To mai sayen tukunyar kashe gobara fa? Ja ce, tana ƙyalli, allurar geji tana kan kore, shi ke nan abin da ya gani. Ko hodar da ke ciki ta dunƙule kamar siminti, ko rabinta ma ba hoda ba ce, ba zai sani ba sai ranar da janareto ya kama da wuta. Kaya ne da ake saye da amana zalla. Kuma in ta mutum ɗaya ta ƙi aiki a kasuwa, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi "ai waɗannan jajayen tukwanen duk kwalliya ce". Wake ɗaya ya ɓata gari. Mai ƙera na ƙwarai ba zai iya kare mutuncinsa shi kaɗai ba, dole sai da 'yan uwansa.

Waɗanda suka riga mu a wannan harka da wuya suka koyi darasin. A watan Fabrairun 1904 gobara ta tashi a birnin Baltimo na Amurka, ta yi kusan awa talatin tana ci, ta cinye gine-gine sama da 1,500. 'Yan kwana-kwana sun zo agaji daga Washinton da Filadelfiya da wasu garuruwan, amma da suka zo ɗaura mesarsu a famfunan birnin sai baki ya ƙi shiga baki. Kowane gari da irin zaren bakin mesarsa, kowane kamfani da girman da ya ga dama. Ga ruwa, ga mutane, ga kayan aiki, amma da yawansu sai kallo. Shekara guda bayan nan, a 1905, aka amince da ma'auni guda na bakin mesa. Ita kanta ƙungiyar NFPA ta Amurka da ke rubuta ƙa'idojin kariya daga gobara, wadda aka kafa a 1896, asalinta irin wannan rikicin ne, na bututun yayyafa ruwa a masana'antu da kowa ke haɗawa yadda ya so.

A nan babbar ribar zama ɗan ƙungiya take, kuma ita ce abokina bai hango ba: kujera a wurin da ake rubuta doka. Masu ƙera kayan kashe gobara na Amurka suna da ƙungiyarsu, FEMA, tun 1930 (kada a haɗa ta da hukumar agajin gaggawa ta gwamnatinsu, sunan ne kawai ya zo ɗaya). Wakilanta suna zama a kwamitocin da ke tsara ƙa'idoji irin su NFPA 10, wadda ta ce a duba tukunya kowane wata, a yi mata cikakken bincike kowace shekara, ta hoda a zazzage ta a duba cikinta bayan shekara shida, a gwada ƙarfin jikinta da matsin ruwa bayan shekara goma sha biyu, ta iskar CO2 kuwa bayan biyar. Ƙaramin kamfani ba shi da kuɗin aika injiniya ya zauna a irin wannan taro shekara da shekaru. Amma ta hanyar ƙungiya muryarsa tana isa, kuma yana jin labarin canjin da ke tafe tun kafin ya zama doka.

Wannan jin labari da wuri ba ƙaramin abu ba ne. Lokacin da aka sa hannu a yarjejeniyar Montiriyal a 1987, aka yanke wa halon, wani sinadarin kashe wuta, hukunci saboda yana lalata rufin ozon da ke kare duniya daga illar hasken rana, zuwa 1994 ƙasashe masu arziki sun daina yin sa. Yanzu ma kumfar kashe gobara mai sinadaran PFAS, waɗanda ke daɗewa a ƙasa da ruwa ba su lalace ba, tana kan irin wannan hanya a Turai da Amurka. Wanda ke cikin ƙungiya yana da lokacin da zai sauya kaya a tsanake. Wanda ke waje sai dai ya wayi gari sito cike da hajar da ba mai saye.

A Ingila kuma ƙungiyar FIA ta kamfanonin kariya daga gobara, wadda ta samu a 2007 bayan haɗewar wasu tsofaffin ƙungiyoyi biyu, ba ta wadatu da kuɗin rajista ba, sai kamfani ya nuna cewa wasu masu zaman kansu sun tantance aikinsa. Tana kuma horar da ma'aikata. Ka ga a nan takardar bango ta zama shaida, don ba kowa ke samun ta ba.

Ba wai ina cewa ƙungiya aljanna ba ce. Manyan kamfanoni suna iya mamaye ta su danne ƙanana, kuma duk inda masu sayarwa suka taru akwai fargabar su haɗa baki kan farashi, ko su matsa a yi dokar da za ta ƙara musu ciniki kawai. Shi ya sa tsarin NFPA ya burge ni, ba a barin ɓangare guda ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kwamiti, don haka masu ƙira suna zaune ne tare da 'yan kwana-kwana da kamfanonin inshora da masu amfani da kayan. Girman suna ma ba ya hana kuskure: a 2017 kamfanin Kidde ya janye tukwane kusan miliyan 38 a Amurka saboda mariƙinsu na roba yana iya ƙin aiki. Amma ka lura, an gano, an sanar, an janye. Wa zai janye wadda aka ɗura a bayan shago ba lamba ba kwanan wata?

Mu a nan yawancinmu ba ƙerawa muke ba, shigowa da su muke daga waje, mu sayar, mu ɗura. Ciniki kuwa sau da yawa tsoron jami'an kiyaye haɗurra ne ke kawo shi, direba ya sayi mafi arha ya jefa a but don kada a tare shi. Alhali mun ga abin da wuta ta yi wa Kasuwar Sabon Gari a Kano a 2016, da babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina a 2021. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya tana da ƙa'idojinta, amma ba za ta iya tsayawa a kan kowane mai ɗuri ba. 'Yan sana'ar ne suka san wanda ke rage hoda, su suka san wanda ke shafa wa tsohuwar tukunya mai tsatsa fenti ya liƙa mata sabuwar takarda.

Na ce wa abokina ko su ashirin ne su fara, su yarda cewa duk tukunyar da ta fito daga hannun ɗayansu tana ɗauke da suna da ranar ɗuri da nauyinta, su haɗa kuɗi su sayi injin gwajin matsi guda ɗaya da kowa zai riƙa amfani da shi, wanda aka kama da algus a cire shi a kuma faɗa wa shugabannin kasuwa. Ya yi shiru, can sai ya tambaye ni nawa injin yake. Na ce ya tambayo, ranar Juma'a mu zauna da biro da takarda.