A bar dattijo ya tsallaka titi kafin a gaishe shi

Duk wanda ya san unguwannin Nima da Mamobi a birnin Accra ya saba ganin dattijo yana tafiya masallaci, wani ya ɗaga murya daga bakin shago, "Baba, ina wuni, ya ƙarfin jiki?", sai dattijon ya tsaya cak kafin ya amsa. Mukan ce natsuwar manya ce. Sau da yawa haka ɗin ne, amma wani lokaci jikinsa ne ya kasa haɗa tafiya da magana.

A 1997 wasu masu bincike a ƙasar Suwidin suka wallafa a mujallar Lancet abin da suka gani a kan tsofaffi 58. Daga cikinsu 12 sukan tsaya da zarar an ja su da hira, kuma cikin wata 6 sai da 10 daga cikin 12 ɗin suka faɗi.

Matashi yana tafiya ba ya tunanin ƙafarsa. Idan shekaru suka ja, gani ya ragu, tsoka ta yi rauni, sai sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke lissafi da yanke shawara, ya koma lura da kowane taku. A ƙara masa amsa tambaya ko ƙirga canji, dole ɗaya ya samu naƙasu: taku ya gajarce, sauri ya ragu. Shi ya sa likitoci kan sa tsoho ya yi tafiya yana ƙidaya da baya. Wani bincike a Kanada a 2017 ya nuna cewa cikin masu ɗan matsalar mantuwa, waɗanda saurinsu ya faɗi sosai a wannan gwaji sun fi kusa da cutar mantuwa mai tsanani.

Abin da ya fi damuna shi ne titi. A Ingila an saba saita fitilar masu tsallakawa kan saurin tafiya na mita 1.2 a daƙiƙa, amma wani bincike a 2012 ya nuna yawancin waɗanda suka kai 65 ba sa kai wannan saurin, alhali ba wani aikin tunani aka ɗora musu ba. To ina ga Hajiya a babban titin Nima, tana duba trotro, wato bas ɗin haya, tana kauce wa okada, ga kwata a buɗe, ga kuma wayarta tana ƙara saboda jika yana son sanin ko ta iso?

Ba na cewa a rage gaisuwa, Allah ya kiyaye. Amma ladabin da aka koya mana tun asali shi ne ƙarami ya je inda babba yake ya rusuna, kuma kira daga nesa bai cika wannan ladabi ba. A jira Baba ya hau gefen titi, a matsa kusa, sannan a tambayi iyali. Idan kuma aka lura mahaifi ya fara tsayawa duk sanda aka yi masa magana, abin da ba ya yi a bara, a kai shi asibiti a duba idanunsa da magungunan da yake sha, a kuma gaya wa likita wannan canjin.