Ku Fito da Aikinku Fili, Masu Koyon Rubuta Manhaja

Assalamu alaikum ƙannena. Da yawanku kun yi kwas bayan kwas, kun tara takardun shaida, amma da mai ɗaukar aiki ya ce "nuna min abin da ka taɓa ginawa" sai a hau kame-kame. Maganin wannan yana nan kyauta: buɗaɗɗiyar manhaja, wadda masu ita suka bar kod ɗinta a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya raba, bisa lasisi irin MIT ko GPL. Haka Linux take, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma a kanta aka ɗora Android ɗin da ke wayoyinku.

Babbar ribar a wurina ita ce gyaran da za a yi maka. Ka tura aikinka, wanda ya daɗe a harkar zai bi shi layi-layi, ya ce nan ba ka rubuta gwaji ba, can kuma manhajar za ta tsaya idan aka bar gurbin suna babu komai. Kai kaɗai a ɗaki, wa zai faɗa maka? Kuma duk wannan muhawara tana nan a shafinka na GitHub, dandalin intanet da ake ajiye kod a kai, da kwanan watanta, shaidar da ba a sayenta. Akwai kuɗi ma: shirin Google Summer of Code na biyan masu koyo tun 2005, shirin Outreachy kuma na ba da horon wata uku daga gida da alawus, amma sai ka fara ba da gudummawa kafin a zaɓe ka.

Zaɓi manhajar da kake amfani da ita. Duba ko masu kula da ita na amsa mutane. Idan wata shida babu motsi, wuce. Karanta README da CONTRIBUTING.md, wato fayilolin da ke bayanin manhajar da ƙa'idojin ba da gudummawa, har ƙarshe, ka tabbatar manhajar ta tashi a kwamfutarka, sannan ka nemi matsala mai tambarin "good first issue", wato wadda ta dace da sabon shiga. Rubuta a ƙarƙashinta cewa za ka ɗauka, don kada ku yi aiki ɗaya ku biyu. Daga nan kwafi ma'ajiyar kod ɗin zuwa asusunka na GitHub, sauke ta da git clone, umarnin Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen kod (ƙara --depth 1 idan data ta yi ƙaranci), buɗe sabon reshe, wato keɓaɓɓen layin aikinka, gyara abu ɗaya tak, gudanar da gwaje-gwaje, ka aika buƙatar a haɗa gyaranka da ainihin manhajar.

A nan ake tuntuɓe. Wani manhajar da yake rubuta kod da ita za ta sake tsara fayil gaba ɗaya, gyaran layi uku ya koma ɗari huɗu, mai bita ya rasa inda canjin yake. Umarnin git diff, mai nuna abin da ka canja, kafin turawa ya ishe ka. Wani zai yi makonni bai jawo sababbin canje-canje ba, aikinsa ya ci karo da na wasu. Mafi muni shi ne tura fayil ɗin .env, inda ake ajiye saitunan manhaja, da makullan sirri a ciki. Goge shi daga baya ba ya amfani, domin Git na riƙe da tarihi. Dole ka soke makullin, ka yi sabo. Kuma don Allah kada ka liƙa kod ɗin da ƙirƙirarriyar basira ta rubuta maka alhali ba ka fahimce shi ba. Tambaya ɗaya za ta tona ka. Yawancin masu kula da ayyukan nan 'yan sa-kai ne, bayan sun tashi daga aiki suke dubawa, saboda haka jira mako guda kafin ka tuna musu, cikin ladabi.

Wanda bai ƙware a kod ba ma yana da wuri. Common Voice, shirin tara muryoyi na gidauniyar Mozilla, na karɓar muryoyin Hausa, ana kuma fassara manhajoji a shafukan Weblate da translatewiki. Idan ka ga ƙ, ɗ ko ɓ sun koma akwati a allo, ko bincike ya kasa gano "ƙasa", kai rahoto: sigar manhajar, irin na'urarka, matakan da ka bi, abin da ka zata, abin da ya fito, da hoton allo. Mai gyaran da ke Jamus ba zai taɓa cin karo da wannan matsala ba sai mai rubutu da Hausa ya nuna masa.