Jikan Barbushe a Kan Dala

A Gwammaja aka yanke mini cibiya, shekarata 43 ina hango Dutsen Dala daga ƙofar gida, amma ƙafata ba ta taɓa taka samansa ba. Mu Kanawa haka muke, abin kallo mu bar wa baƙi, mu muna can kasuwa.

Kawun maiɗakina ne ya tona mini asiri. Ya zo biki daga Turunku, dattijo ne da ya haura saba'in, siriri kamar sillen kara. Ga shi Bazazzage, tun daga zaure ya fara kiran "ina bawana Bakano?" Bayan an ci tuwon dare sai ya buɗe faifan garinsu: a gindin duwatsunsu sarautar Zazzau ta zauna kafin a koma Zariya, can ne garin Bakwa Turunku da ya bar wa duniya Sarauniya Amina. Wai suna yara, in sun kora awaki, a kan fa suke langa, su bi rema cikin kogo har la'asar.

Ni kuwa ina zan bari Bazazzage ya yi mini gori a gidana? Na gyara zama na ce, "Kawu, ai dutse ɗaya ne a ƙasar Hausa, Dala. Nan Barbushe ya zauna yana tsaron Tsumburbura, mutumin da ake cewa da sanda yake kashe giwa ya ɗauko ta a ka. Mu jikokinsa ne. Matakalar dutsen nan ma 999 ce."

Ya dube ni, ya dubi tumbina, ya ce, "Madalla. Gobe sai ka kai ni."

Da safe na zabga koko da ƙosai, na ɗauko babbar rigar shadda, na kafa hula, na saka takalmi sau-ciki. Maiɗakina ta ce, "Baban Ummi, ɗaurin aure za ku ko hawan dutse?" Na ce ta bar ni, ba a raka baƙo a wulaƙance. Ɗan adaidaita sahu ya sauke mu, wani yaro da bai fi shekara goma ba ya maƙale mana wai shi ne ɗan jagora.

Matakala ashirin ɗin farko lafiya lau, har ina ba da lacca kan maƙeran da suka narka tama a wurin tun Kano ba ta da ganuwa. A ta arba'in lacca ta tsaya. Ƙosai ya fara tambayata dalili. Na sunkuya kamar zan ɗaure igiyar takalmi, yaron nan ya ce, "Alhaji, ai takalminka ba shi da igiya." Na zaro waya na kara a kunne ina "na'am, na'am, a sauke kayan," sai ga kira na gaske ya shigo, wayar ta ɗau ƙara a kunnena. Maiɗakina ce, wai tana tambaya ko mun kai.

Kawu kuwa tuni ya yi nisa, hannu ɗaya a baya, ɗaya yana jan carbi, kamar mai tafiya masallaci. Sau biyu yana saukowa ya duba ni ya koma. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Da na iso sama, da rarrafe, na tarar da shi zaune ya miƙe ƙafa. Ya ce, "Bakano, na ƙirga 101. Ina sauran? Ko kun kai su Kantin Kwari kun sayar?" Kafin numfashi ya dawo mini yaron ya riga ni: "Baba, 101 ne dama. 999 shekarar da Bagauda ya zama sarki ce." Na ce masa ya je ya tambayi gwiwoyina, su 999 suka ƙirga.

Gaskiya dai wurin ya cancanci wahalar. Birni ya baje a ƙasa, rufin kwano iya ganinka, ga Goron Dutse can yana kallonmu, ga hasumiyoyin masallacin Juma'a na cikin gari. Kawu ya ce in nuna masa Gidan Rumfa. Na miƙa hannu da ƙarfin hali, yaron ya kama hannun nawa ya juya shi wani ɓangaren daban, bai ce uffan ba. A nan ne iska ta shiga babbar rigata ta kumbura ta kamar laima, hula ta tashi ta nufi unguwar Dala ba sallama.

Saukowa ta fi hawa. Da na leƙa ƙasa sai ƙafafuna suka ce su ba da su ba. A zaune na sauko, matakala bayan matakala, shaddata tana share wa jama'a hanya, yara na biye da ni suna ƙirgawa da ƙarfi. Da muka kai ƙasa suka yi tafi.

A gindin dutsen wasu dattawa na dara a inuwa. Kawu ya tsuguna, kafin in gama sayen hulata a hannun wani yaro kan naira 500, ya cinye mutum biyu. Suka tambaye shi wane ne wannan mai haki, ya ce, "Jikan Barbushe ne, giwar ce ya haɗiye."

Kwana uku ina sallah a zaune, maiɗakina na shafa mini man zafi tana ƙunshe dariya. Jiya Kawu ya bugo waya, wai in shirya da Babbar Sallah zan je Turunku ramuwar ziyara, kuma in sani nasu dutsen babu matakala.