Rowar yanke waya ke tsinka ta a rijiyar mai

Da zarar wayar silikilayin, wato siririyar wayar ƙarfe da ake zura kayan aiki ƙasa da ita, ta tsinke a rijiyar mai ko ta gas, sai ka ji ana cewa wayar ce ba ta da kyau, ko a ɗora wa H2S laifi, wato iskar nan mai guba da ke cin ƙarfe. Wani lokaci haka ne. Amma a ganina, yawancin wayoyin nan a bakin rijiya ake kashe su, a gaban idon masu aikin.

Wayar nan fa sili ɗaya ce tal, kaurinta inci 0.108 ko 0.125, ba ta da 'yan uwan da za su riƙe in ta gaza. Kafin ta shiga rijiya ta cikin kwarin wili take bi, kuma kowane wili ta bi sai ta tanƙwara ta miƙe. Shi ya sa ake son faɗin wili ya kai ninki 120 na kaurin waya: mai 0.125 tana buƙatar inci 15. Ka sa mata ƙarami, ko wanda kwarinsa ya cinye har ya yi kaifi, to ka rage mata kwana. Sa farce cikin kwarin, za ka ji.

Inda ɓarnar ta fi yawa shi ne wajen bugu. Kayan aiki sun maƙale a ƙasa, ana ja ana saki, awa guda, awa biyu, kuma guri ɗaya na wayar ne ke ta kai da komo a kan wili. Kamar dai mai lanƙwasa ƙusa gaba da baya har ta karye. Ido ba ya ganin wannan gajiyar. Wayar tana sheƙi abinta.

Maganin sananne ne: a dakata, a fito, a yanke wani tsawo, a sake ɗaura kan waya, domin gurin da ya sha wuya ya matsa daga kan wili. Guntun da aka yanke kuma a yi masa gwajin murɗa ko na naɗi, a rubuta a littafin waya. Sai dai oga yana kallon agogo, mai inji kuma ba ya son a ce ya cika tsoro, sai a ce "ƙara ɗaya dai".

Nan ne ban yarda ba. Wayar da ta tsinke ƙasa take zubewa ta cukurkuɗe, a koma kamun ta guntu-guntu, wani lokaci kwana da kwanaki, rijiya a rufe ba ta ba da ko ɗigo. Wayar kuwa da ta taɓa yin ƙulli, ko an miƙar da ita da hannu ta yi kyau, a yanke gurin kawai.