Kada ku ƙwace fensirin nan daga hannun yaro

'Yan uwana matasa, musamman ku da kuka fara tara iyali, da yayyen da ake bar wa duba littattafan ƙanne, da malaman firamare sababbin shiga, akwai wata ɗabi'a da muka gada wadda ya kamata ta tsaya a kanmu. Yaro ya dawo daga makaranta, a buɗe littafinsa na lissafi, a tarar ya zana Keke Napep ko gadar Kawo a shafin baya. Abin da ke biyo baya kun san shi: ranƙwashi, sannan a ce an tura shi karatu ya je yana shirme. Daga ranar sai ya koma zane a ɓoye, ko ya bari gaba ɗaya.

Wannan shirmen da muke gani, a kansa ake gina rubutu. Ɗan shekara 2 idan ya samu biro, da dunƙulallen hannu yake kama shi ya yi ta jagwalgwalo. Wajen shekara 3 yake iya kwaikwayon da'ira, wajen 4 ya gitta layi biyu, daga nan murabba'i, sai alwatika tsakanin shekara 5 da 6. Har likitocin yara suna duba waɗannan siffofi idan suna auna ci gaban yaro. To mene ne harafi in ban da da'ira da layi da lanƙwasa? Hannun da bai gaji da zagaye takarda ba, da me zai ja cikin nunun Larabci ko ya miƙar da ƙafafun A? Shi ya sa nake tausaya wa 'yan nazare da ake ɗora wa rubuta 1 zuwa 100 suna shekara 3, suna kuka malama na riƙe da hannu, iyaye kuma suna murna wai makarantar tana da ƙoƙari. Yatsun ba su nuna ba tukuna. Murza laka da yaga takarda da shafa kala su ne ke nunar da su.

Bayan hannu sai ido. Ka ce wa yaro ya zana ganyen mangwaro, zai yi maka wani abu mai kama da kifi. Tsinko ganyen ka ajiye a gabansa, ka ce ya sake. A nan zai ga jijiyar tsakiya, ya ga ƙananan da suka fita daga jikinta, ya lura bakin ganyen ba a miƙe yake ba. Ya koyi kallon abu yadda yake, ba yadda yake zato ba, kuma wannan shi ne abin da za a nema a wurinsa ranar da aka ajiye masa fara ko wake a jarabawar WAEC aka ce ya zana ya sa sunayen sassa.

Wanda ke ganin zane ba ya kawo abinci, ya shiga kasuwar Panteka ya tsaya wurin masu walda. Kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, za ka ga maigidan ya durƙusa da guntun alli ya fitar da surar ƙofar a ƙasa ko a jikin faranti, ya raba furannin dama da hagu su zo daidai. Yaron shagon da ya iya karanta wannan zane shi ake fara sakar wa aiki. Haka tela da aka kawo wa hoton ɗinki a waya, haka kafinta, haka mai ɗinkin hula da ke ƙirga zare, balle masu tsara katin biki da tallar 'yan siyasa a kwamfuta, waɗanda kowa ya san kakar zaɓe tasu ce.

Kuma abin kunya ne a ce a jihar Kaduna ake raina wannan fanni. A ƙauyen Nok da ke ƙaramar hukumar Jaba masu haƙar kuza suka fara tono sassaƙen yumɓun nan a 1928, aikin da ya haura shekara 2,000, wanda yau duniya ta san Najeriya da shi. A Zariya, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a wajen shekarun 1830, masana gine-gine har yanzu suna nazarin bakan gizonsa. A Zariyar dai, a 1958, wasu ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane da ta sauya alƙiblar fannin a ƙasar nan, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Ku dubi sunayen da kyau. 'Yan asalin Kudu ne, amma a nan wurinmu suka ɗebi ilimin. Sashen koyar da zane na jami'ar yana nan a Samaru, amma yaranmu nawa ne suka ma san ana karanta shi? Ita kuwa Ladi Kwali, da ginin tukwane hotonta ya hau takardar naira 20.

Na san abin da ke ran wasunku, wato maganar addini. Hukuncin zana abu mai rai magana ce ta malamai, kowa ya tambayi malaminsa ya bi abin da ya natsu da shi. Amma kada a fake da wannan a rufe ƙofar duka. Bishiya da gida da mota da taswira da dagin Arewa, wa ya hana? Mu ne fa masu zayyana. Ɗalibi ya zo sauka, a ƙawata masa allo da tawada kala-kala, a yi ta yawo da shi gidajen dangi ana sa albarka. Aska takwas da ke ƙirjin babbar riga, da zanen da ke fuskar tsofaffin zaurukan birnin Zazzau, da ƙunshin da ƙannenmu mata ke yi ranar jajibirin sallah, duk hannu ne da ido suka yi su.

Kayan aikin ba su da tsada. Bayan tsohuwar kalanda, kwalin taliya da aka gama da shi, gawayi daga murhu, laka bayan an ɗauke ruwa. Da yawanmu mun ƙera motar kara da ta langa-langa, muka yi mata taya da silifas, babu wanda ya saya mana komai. Yaran yanzu waya muke miƙa musu don su yi shiru, yatsa ɗaya ke aiki, sauran tara suna hutu. In bangon haya kuke tsoro, ku manna masa babban kwali a gefe guda ku ce nan ne nasa.

Abin da na fi roƙonku shi ne kada ku karɓi fensirin ku gyara masa. Idan ya yi wa akuya ƙafa biyar ko ya shafa wa sama kore, ku bar shi. Kada ma ku tambaye shi mene ne wannan, domin a wurinsa abin a fili yake. Ku ce, "Ba ni labarin zanen nan." Za ku sha mamakin abin da zai fito. Yaron da ba ya iya cewa ana cin zalinsa a aji yana iya zana kansa ɗan mitsitsi kusa da wani ƙato. A jihar da yara da dama suka ga tashin hankali da idonsu, ko suka baro ƙauyukansu da dare, idan kun ga yaro yana yawan zana bindiga da wuta, tsawa ba ta da amfani. Ku zauna kusa da shi ku saurara.

Ku kuma malamai, darasin al'adu da fasaha yana cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare, ba alfarma ba ce. Amma a makarantu da yawa an mayar da shi kwafar bayani daga allo, yaro ya haddace ma'anar kala ya ci jarabawa bai taɓa haɗa shuɗi da rawaya ya ga kore ya fito ba. Wani wurin ma lokacin darasin ake ba malamin lissafi ya cike giɓi. Ku nemi izinin hedimasta ku fitar da ajin ƙarƙashin bishiya, kowa da takardarsa. In da hali, sau ɗaya a zango a kai su gidan adana kayan tarihi da ke titin Ali Akilu, kuma a ce kowa ya zaɓi abu ɗaya ya zana kafin a fito.