Shekaru shidan Sa'adu ɗan Mu'azu

'Yan'uwana matasa, mu rage wannan "sai na yi aure", "sai na samu aiki" da muke fakewa da shi kafin mu tsinana wa addini da jama'a wani abu. Sa'adu ɗan Mu'azu, Allah Ya ƙara masa yarda, shugaban ƙabilar Ausu a Madina, ya musulunta a hannun Mus'abu ɗan Umairu gab da Hijira, ya rasu a shekara ta 5 bayan Hijira yana ɗan shekara 37. Zamansa a Musulunci bai wuce shekara shida ba. Wani a cikinmu ya fi haka yana zaman majalisa a bakin titi.

Ranar Badar, da Annabi (SAW) ya nemi shawara, Sa'adu ne ya miƙe a madadin Ansaru ya ce ko teku za a kutsa, ƙafarsu ƙafarsa. Faɗar haka ba wuya, mu ma muna yi a Facebook kullum. Shi kuwa ya biya da jininsa.

A yaƙin Handaƙ, Nana A'isha tana cikin ganuwar Banu Harisa tare da mahaifiyarsa, sai ga shi ya wuce da mashi a hannu, sulkensa ya yi masa gajarta, damtsensa a waje. Uwar nan, Allah Ya saka mata, ba ta riƙe shi ba, cewa ta yi ya hanzarta, ya makara. Nana A'isha ta ji tsoron wannan damtsen da ke buɗe, kuma a nan kibiya ta same shi, ta tsinke masa babbar jijiya.

Abin da ke taɓa ni shi ne jinyarsa. Annabi ya sa an kwantar da shi a tanti cikin masallaci don ya riƙa duba shi a kusa, wata sahabiya mai suna Rufaida tana kula da raunin. Mu fa, yaushe rabon da mu leƙa sojan unguwarmu da aka dawo da shi daga daji da harsashi a jiki?

A kwancen ma, roƙonsa shi ne idan da sauran yaƙi da Ƙuraishawa, Allah Ya bar shi ya halarta. Bayan kusan wata guda raunin ya ɓalle, jini ya kwarara har tantin maƙwabta, Sa'adu ya cika. Annabi ya shaida cewa Al'arshin Ubangiji ya girgiza saboda mutuwarsa.