Ku Bar M.F. Husain Ya Huta Don Allah

Tun jiya nake ganin wani hoto yana yawo, wai zanen da Husain, mai zanen nan ɗan Indiya, ya yi da aka sayar dala miliyan 13.75 a gidan gwanjon Christie's na New York a watan Maris ɗin 2025, mutane sun cika ƙasan post ɗin da "ai ko ɗana na firamare zai zana wannan". To madalla, ka ba shi fenti mana ya zana, mu ma mu samu na cefane.

Mutumin nan fa allon tallan sinima ya fara zanawa a Bombay tun shekarun 1930, yana hawa kan katako cikin rana yana zana fuskokin jarumai manya-manya, ladan ma bai taka kara ya karya ba. Shi ne dai irin yaron nan da muke kira mai fenti, mu tsaya muna masa ciniki kamar za mu sayi tumatir. Daga nan ya shiga ƙungiyar masu zanen zamani da su Souza da Raza suka kafa a 1947, kuma bai ajiye burushi ba har ya rasu a Landan a 2011 yana da shekara 95. Fiye da shekara 70 hannu ɗaya yana abu ɗaya, kai kuma ka leƙa a waya na sakan biyu ka yanke hukunci.

Shi wannan zanen, Gram Yatra, a 1954 ya yi shi, tsawonsa ya kusa ƙafa 14, an raba shi gida 13, kowane gida da rayuwar ƙauye a ciki, mata suna aikin gida, manomi, dabbobi. Wani likita ne ya saya a Delhi ya tafi da shi Norway, ya shekara da shekaru rataye a wani asibiti a Oslo. Ku zuƙo hoton ku duba da kyau kafin ku yi dariya, wallahi ni sai da na tuna ƙauyenmu.

Na san wani zai zo da maganar zanen allolin Hindu tsirara da ya jawo masa ƙararraki har ya bar Indiya a 2006 ya karɓi takardar zama ɗan Qatar a 2010. Eh na sani, ni ma ban ce ya kyauta ba, amma ba shi muke magana ba yau. Masu cewa cinikin zanen wanke kuɗin haram ne kuma, ku kawo hujja ko ku wuce.

Abin da ke ci min rai raina sana'ar hannu ne kawai. Mai zanen bayan tirela da ke unguwarku, ka taɓa tambayar sunansa?

Af, kuma dattijon nan ba ya sa takalmi, haka yake shiga manyan otal ƙafa a ƙasa. Ga shi da son Madhuri Dixit kamar me, har fim sukutum ya shirya mata a 2000. A nan kam ban ga laifinsa ba, mu da muka tashi da kaset ɗin Indiya mun san zancen.